Haddar ƙa'ida ko da-na-sanin soyayya: wanne ya fi koyar da "If I had"?

Ɗalibaina na darasin yamma sun ishe ni da tambaya: wajen koyon jimlar da-na-sani ta Turanci, gara haddace ƙa'ida daga littafi, ko gina jimla da soyayyar da ta watse?

Ƙa'idar gajera ce: "if" da "had" a gaba, "would have" a baya, kowanne da aikatau a siffarsa ta uku, kamar "gone" ko "seen". Littafi zai ba ka ita tsaf, irin yadda WAEC da JAMB ke tambaya. Amma littafi kuɗi ne, kuma hadda saurin gudu gare ta. Bayan mako biyu sai ka ji ɗalibi na cewa "If I would have known", wanda faɗuwa ce a jarrabawa.

Hanyar soyayya kyauta ce, kusan kowa na da jari. Wani saurayi a ajina ya rubuta: "If I had greeted her father, he would have accepted me." Wato da ya gaida mahaifinta, da ya karɓe shi. Mu ma "da" biyu muke sawa, shi ya sa ta zauna masa daram. Illarta fama tsohon miki, ga kunya. 'Yan mata ba sa faɗin nasu a gaban maza, ni ma ba na tilasta musu.

Mai jarrabawa a gaba, ko mai kunya, ya riƙe littafi. Mai son bakinsa ya saba da magana, in zuciyarsa ta huce, ya ɗauko tsohuwar soyayyarsa.