Inabin Kudan ko na Afirka ta Kudu?

Ni dai gaskiya in aka aje min biyun na Kudan zan dauka. Can wajen Hunkuyi kusa da Zariya ake nomansa, gonakin gida ne, uba da yaransa suna daure reshe a kan waya suna ban ruwa, a tsinko yau gobe yana kan tire a kasuwa, ga sauki. Matsalarsa kwallaye a ciki, wani da dan tsami, kuma baya jure ajiya, kwana kadan ya fara laushi.

Na Afirka ta Kudu kam yafi kyan gani, manya jawur a roba, yawanci ba kwallo, amma ya sha doguwar tafiya cikin firji kuma kudinsa wallahi sai ka yi tunani. Na zuwa dubiya asibiti ne wannan.