Abin toshe kunne na yara: wata 5 muna amfani da shi

Ɗana shekararsa 6, yana da otizim, wanda wasu ke haɗawa da sauran larurori su kira shi galahanga. A gidanmu babbar matsalar ba maganar da ba ya yi sosai ba ce, ƙara ce. Da na kunna blenda sai ya toshe kunnuwa da tafin hannu ya ruga ƙarƙashin tebur yana ihu, aski kuwa kar ma a yi zancensa, ƙarar kilifa kaɗai ta isa ta ɓata mana yini guda. Na daɗe ina ɗauka rigima ce irin ta yara, Allah ya yafe min, sai da likitarsa ta zaunar da ni ta ce wannan ai cikin larurar yake, tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa yawan jin ƙara ko haske ko taɓi cikin alamomin da ake dubawa.

Ita ce ta ce mu gwada abin toshe kunne, irin wanda ma'aikatan filin jirgi ke sawa amma na yara. Kamar hedifon yake sai dai babu batir babu waya babu kiɗa, soso ne kawai a cikin roba mai tauri. A kwalin an rubuta yana rage ƙara da desibel 27, wato ma'aunin ƙarfin ƙara. Hirar mutane kusan 60 take, blenda kuma tana iya kaiwa 85 zuwa 90, to kun ga ba kurmantar da yaro yake yi ba, sauke ƙarar yake zuwa inda zai iya jurewa, idan na yi masa magana kusa da shi yana jina sarai.

Ranar farko wurgi ya yi da shi. Sai na daina bin sa da shi, na riƙa sawa a kaina ina harkokina, yayarsa ma ta sa, aka bar shi kan kujera kusan mako biyu yana kewaya shi kamar mage da ruwan zafi, ran nan ina shirin kunna blenda na waiga na ga ya ɗauka ya ɗora da kansa, a karkace ma, kunne ɗaya a waje. Wallahi sai da na yi hawaye.

Amma fa yana da nasa. Yana matse kai, bayan kamar minti 40 kunnuwansa sun yi ja sun jiƙe da gumi, kuma idan yaronki na sa tabarau ƙafar tabaran na hana sosan zama daidai sai ƙara ta shiga. A bakin titi ba na sakin hannunsa ko kaɗan don ba na yarda zai ji hon da wuri. Kallon mutane kuma, hmm, wannan na riga na saba.

Kuskuren da na yi, ganin ya samu natsuwa sai na bar masa shi kusan duk yini. Likitar ta ce a'a Maman yaro, kunnen da kullum yake a toshe ƙara tsananta jin ƙara yake yi, a ajiye shi don lokacin buƙata kawai. Yanzu a jakarsa yake zama, mun manna hotonsa cikin katunan da yake nuna mana abin da yake so, idan wuri ya yi masa hayaniya sai ya miƙo katin.

Wadda za ta saya ta duba mai faɗaɗuwa a sama, mai soson da ake iya gogewa. Askin makon jiya dai da almakashi aka yi gefen kunnuwa, sauran kan da kilifa yana sanye da abinsa, ya zauna har aka gama.