Masu ra'ayin kawo sauyi da masu ra'ayin riƙau a Amurka: ina suka rabu?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya su wane ne masu ra'ayin kawo sauyi a Amurka, me ya raba su da masu ra'ayin riƙau, kuma yaya aka yi Musulma kamar 'yar majalisar wakilai Ilhan Omar take cikinsu alhali su ne kan gaba wajen kare auren jinsi. Amsar ba za ta fito ba sai an jera ɓangarorin biyu a kan magana ɗaya bayan ɗaya.

Masu ra'ayin kawo sauyi ba su da jam'iyyar kansu. Mafi yawansu suna cikin Demokrat, su ne ɓangarenta mafi zafi: irin su Sanata Elizabeth Warren, da Alexandria Ocasio-Cortez ta New York, da Sanata Bernie Sanders, wanda ɗan kashin kansa ne amma da Demokrat yake zama a majalisa. Obama da Biden masu matsakaicin ra'ayi ne, sau da yawa ma waɗannan suna ganin sun cika sanyi. Masu ra'ayin riƙau kuwa gidansu Rifablikan. Tushen saɓanin shi ne inda kowa yake son gwamnati ta sa hannu. A abin da ya shafi aljihu, mai ra'ayin sauyi cewa yake gwamnati ta shigo ta tare wa talaka. A abin da ya shafi jikin mutum da ɗakin kwanansa, ta fita. Mai ra'ayin riƙau ya juya lissafin: a bar kasuwa ta yi halinta, amma a tsare iyali da tarbiyya.

Mu fara da asibiti, domin nan ne hujjarsu ta fi ƙarfi a wurina. Yawancin Amurkawa masu aiki daga wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya, don haka ranar da aka sallami mutum, ranar ya fara fargabar ciwo. Gwamnati tana ɗaukar nauyin waɗanda suka kai shekara 65 a ƙarƙashin shirin Medicare, da wani kaso na matalauta a ƙarƙashin Medicaid, duka biyun tun 1965 a zamanin Lyndon Johnson. Dokar Obama ta 2010 ta hana kamfanoni ƙin karɓar mutum saboda yana da tsohon ciwo kamar siga ko hawan jini, ta kuma rage yawan marasa inshora sosai, amma har a 2023 mutum kusan miliyan 26 ba su da ita. Ƙasar tana kashe kusan kashi 17 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara a kan lafiya, fiye da kowace ƙasa mai arziki, duk da haka Bafaranshe da Bajafane sun fi Ba'amurke tsawon rai. Masu ra'ayin sauyi suka ce to a faɗaɗa Medicare ya game kowa, a biya daga haraji, a cire ɗan tsakiya, wato kamfanonin inshora. Masu ra'ayin riƙau suka ce haraji zai yi tashin gwauron zabi, mutum zai koma jiran layin tiyata na watanni kamar yadda ake kuka da shi a Ingila da Kanada, kuma ribar da kamfanoni ke nema ita ce ke haifar da sababbin magunguna. Maganar layi gaskiya ce. Sai dai wanda ba shi da inshora ko layin ma bai samu ba, yana gida yana tsimin allurar insulin. Sai a 2022 aka yi dokar tarayya da ta ƙayyade kuɗinta a dala 35 a wata, ita ma ga masu Medicare kawai. Ƙasar da ta kai mutum duniyar wata bai kamata ciwo ya riƙa raba mutanenta da gidajensu ba.

Albashi ba ya buƙatar dogon bayani. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7 da santi 25 ne a awa, bai motsa ba tun Yulin 2009. A 2012 ma'aikatan gidajen abinci a New York suka fara yajin neman dala 15, kuma jihohi irin su California tuni suka wuce wannan adadi. Ɗaya ɓangaren na cewa abin da shagon Los Angeles zai iya biya, na ƙauyen Mississippi ba zai iya ba, tilasta masa kuwa korar ma'aikata ne. Shi ya sa jihohi da dama har yau suna nan a kan tsohon adadi.

Bindiga kuwa, nan ne baƙo ya fi shan mamaki. Gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulki a 1791 ya ba ɗan ƙasa haƙƙin riƙe makami, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2008 cewa haƙƙin na mutum ɗaya ne a gidansa, ta ƙara faɗaɗa shi a 2022 zuwa fita da ita waje. A Disamban 2012 wani matashi ya kashe yara 20 da manya 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook. A Mayun 2022 aka sake yi a Uvalde ta jihar Texas, yara 19 da malamai 2. A 2021 kaɗai sama da mutum dubu 48 bindiga ta kashe, fiye da rabinsu da hannunsu suka yi. Masu ra'ayin sauyi suna so a binciki tarihin duk mai saye ko da daga hannun maƙwabci ne, a dawo da haramcin manyan bindigogi da ya yi aiki daga 1994 zuwa 2004, a kuma ba alƙali ikon karɓe makami daga wanda aka ga alamar zai yi ɓarna. Mai ra'ayin riƙau, musamman na karkara inda ɗan sanda kan yi tafiya mai nisa kafin ya iso, zai ce ɓarawo ba ya cika takarda, doka mai gaskiya kawai take ɗaure wa hannu, kuma al'ummar da ta miƙa makamanta ta miƙa wuyanta ga mai mulki. Na fahimci manomin da ke zaune shi kaɗai a bakin daji. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a ce ɗan shekara 18, kamar na Uvalde, ya sayi irin wannan bindiga a shago bisa doka, a shekarun da ba a yarda ya sayi giya ba.

A maganar 'yan sanda, masu ra'ayin sauyi sun yi gaskiya a koke, sun yi tuntuɓe a magani. Kisan da wani ɗan sanda ya yi wa baƙar fata George Floyd a Minneapolis ranar 25 ga Mayun 2020 ya fito da abin da baƙaƙen fata suka daɗe suna faɗa, kuma ofishin Keith Ellison, Musulmi na farko da ya shiga majalisar tarayya, wanda a lokacin shi ne babban lauyan jihar Minnesota, shi ya jagoranci ƙarar da ta kai ɗan sandan gidan yari. Neman a daina tsare talaka don kawai ba shi da kuɗin beli, kamar yadda Illinois ta yi a 2023, magana ce mai kan gado. Amma kiran a janye wa 'yan sanda kuɗi bai samu karɓuwa ba ko a unguwannin talakawa, waɗanda su ne ɓarayi suka fi addaba. A Nuwamban 2021 mutanen Minneapolis kansu suka ƙi amincewa da rushe rundunar a maye ta da wata hukuma. A nan masu ra'ayin riƙau sun fi karanta zuciyar jama'a.

Shige da fice ya taɓa mu kai tsaye. A Janairun 2017 Trump ya hana 'yan ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi shiga, har da Sudan. Daga baya Chadi ta shiga jerin na wasu watanni, a 2020 kuma aka taƙaita wa 'yan Najeriya bizar zama. Waɗanda suka cika filayen jirgin sama suna zanga-zanga, da lauyoyin da suka zauna a ƙasa suna rubuta ƙara kyauta, mafi yawansu masu ra'ayin sauyi ne, da yawa ma ba Musulmi ba ne. Ɗaya ɓangaren na cewa ƙasar da ba ta tsare iyakarta ba ta zama kasuwa, suna nuni da yadda a 2022 da 2023 aka tare mutane sama da sau miliyan 2 kowace shekara a iyakar Meziko, har magadan gari 'yan Demokrat na New York da Chicago suka fara kukan sun rasa wurin saukar baƙi.

Daga nan za ka gane zaman Ilhan Omar. Da aka zaɓe ta a 2018 tare da Rashida Tlaib, ita ma Musulma, sai da majalisar wakilai ta gyara dokarta ta 1837 mai hana rufe kai a zaure kafin ta shiga da ɗankwalinta. Hujjar Musulman da ke wannan ɓangare ita ce su tsiraru ne, kusan kashi 1 cikin 100, kuma katangar da ta hana mai rinjaye rufe masallaci ko cire hijabi ita ce dai ta hana shi taɓa sauran tsiraru. In ka fasa ta don wani, ta nan za a shigo maka. Haka suke kallon hukuncin 2015 da ya halatta auren jinsi: doka ta ba da dama, ba ta tilasta wa limami ɗaurawa ba. A zubar da ciki ma, bayan Kotun Ƙoli ta soke hukuncin 1973 da ya halatta shi a Yunin 2022 ta mayar wa jihohi wuƙa da nama, cewa suke a bar mace da likitanta, yayin da masu ra'ayin riƙau ke cewa akwai rai na biyu da ba shi da bakin kare kansa.

Amma wannan haɗin gwiwa yana da inda yake tsagewa, kuma a makarantar yara ne. A gundumar Montgomery ta jihar Maryland, hukumar ilimi ta shigar da littattafan labarai masu ɗauke da batun jinsi cikin karatun ƙananan yara, a 2023 kuma ta soke damar da iyaye ke da ita ta cire 'ya'yansu daga darasin. Iyaye Musulmi da Kirista suka haɗa kai suka kai ƙara, a Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya da ƙuri'a 6 da 3, kuma alƙalai masu ra'ayin riƙau ne suka tsaya musu. Iyayen nan ba su nemi a kori kowa ba, sun nemi a bar su su tarbiyyantar da ɗan shekara 5 a kan addininsu. Ɓangaren da ya gina kansa a kan mutunta tsiraru ya kasa sauraron tsiraru da suka zo masa da abin da bai so ji ba, kuma wannan ya yi mini ciwo domin na san alherin da suka yi a 2017. A Hamtramck ta Michigan, majalisar gari da duk Musulmi ne ta hana kafa tutar masu auren jinsi a gine-ginen gwamnati a 2023, tsofaffin abokan tafiya suka kira hakan cin amana. Ga kuma Gaza, inda Tlaib da Omar da Sanders suka fi kowa ɗaga murya, amma gwamnatin Biden ta Demokrat ta ci gaba da aika wa Isra'ila makamai, har Trump ya lashe birnin Dearborn na Michigan mai yawan Larabawa a zaɓen 2024. Shekara guda bayan haka, New York ta zaɓi Zohran Mamdani, Musulmi haifaffen Kampala kuma mai ra'ayin sauyi na gani kashe ni, a matsayin magajin gari, bayan kamfen da ya tsaya a kan kuɗin haya, da motar bas kyauta, da renon yara.