Auna froje da tsakuwa: aikin wani ofishin bincike a Tawa

Ƙaramin ofishi ne, aikinsa duba wa ƙungiyoyi ko frojen da suka zuba wa kuɗi ya amfani jama'a: bankin cimaka, rijiyoyi, farfaɗo da fako ta hanyar haƙa ramukan tare ruwan sama, wato rabin wata da tassa. Ba sa yawo gida-gida da takardar tambayoyi. Salon MARP suke bi, wato binciken da ake yi tare da mutanen gari, haɗe da katin maki na al'umma, inda jama'a ke ba aikin maki da kansu, wanda ƙungiyar CARE ta fara a Malawi a 2002.

Kwana uku suke yi a gari. Ranar farko gaisuwar maigari ce da zagaya aikin da ƙafa. Washegari a raba jama'a, mata daban, magidanta daban, samari daban, rukuni bai wuce mutum 12 ba. Mutanen ne ke faɗin abin da za a auna. A bankin cimaka sukan ce farashin tiya da damina, buɗe magaza a kan lokaci, da ko kwamitin bankin na nuna lissafi. Sai a kife ƙwarya ɗaya ga kowane batu, a ba kowa tsakuwa 10, su ne makinsa, ya zuba a ƙarƙashi, shi kaɗai, sauran na nesa. Nan suka fi takwarorinsu. In a fili aka zuba, inda matar liman ta ajiye tata nan sauran za su bi.

Rana ta uku ce mai rauni. Ana haɗa kowa da kwamiti gaba da gaba, alhali sau da yawa ma'aji ɗan'uwan maigari ne. Macen da jiya ta ce buhu ya ɓace, yau mayafi take gyarawa. Kamata ya yi ma'aikaciyar ofishin ta karanta makin mata da bakinta, ba tare da kiran suna ba.

Sai lokaci. Sun fi son fita da rani don hanya ta fi kyau, amma a Adar lokacin magidanta da yawa suna Abijan ko Libiya wajen bida. Makiyayan da ke shayarwa a rijiyar kuma ba a cika kai wa zangonsu ba, tafinta na Fulatanci ko Buzanci ƙarin kuɗi ne.

Rahoton da Faransanci yake fitowa. Duk ƙungiyar da za ta ɗauke su ta sa a kwangila cewa za su koma garin su karanta sakamakon da Hausa, kuma a bar wa kwamiti da ofishin magajin gari kwafi, kafin a biya kason ƙarshe.