Rubutu siriri a jikin gorar zoɓo: aikin da wani shagon ɗab'i ya yi mini a Sakkwato

Shekara huɗu ina sayar da zoɓo da kunun aya daga gida a Mabera, kuma duk tsawon lokacin nan sitikar gorata irin ta kowa ce: jan rubutu mai kauri, hoton abarba a gefe, lambar waya a ƙasa. In ka jera gorata da ta maƙwabciyata a cikin kula, sai mai saye ya ɗanɗana kafin ya san ta wa ya ɗauka. Abin ya daɗe yana damuna. Zoɓona da hannu nake wanke shi, da hannu nake daka citta da kanumfari, don haka na so sunan ma ya nuna hannu ya taɓa shi.

Shagon da na je yana wajen titin Emir Yahaya, ɗaki ɗaya ne da kwamfuta biyu da injin yankan sitika. Yaron da ke zane bai yi mini gaggawa ba. Ya fara buɗe mini salon haruffa da ake kira Amatic SC, wanda wani Baturen Ingila, Vernon Adams, ya zana, ana kuma samunsa kyauta a Google Fonts. Haruffansa dogaye ne, sirara, a tsuke, kamar an ja su da bakin biro, kuma duk manyan baƙaƙe ne, ba shi da ƙanana irin waɗanda muka saba. Yana da kyau, amma a idona ya fi kama da allon gidan shan kofi na Turai. Sai ya gwada wani da ya sauko da shi daga intanet, mai kama da rubutun 'yar makaranta. Nan na ji raina ya kwanta, har ya buga kalmar zoɓo. Z ta fito siririya, o ta fito siririya, ɓ kuwa ta faɗo ƙatuwa baƙa ƙirin a tsakiya kamar baƙuwa a gidan biki. Ashe wanda ya zana salon bai sa ɓ, ɗ da ƙ ba, sai kwamfuta ta aro daga wani wuri ta cike gurbin.

Da yawa a nan suke cewa a bar shi zobo kawai, ai kowa ya gane. Ni ban yarda ba. Harshen da ya raba ƙasa da kasa, ya raba ɓata da bata, bai kamata mu da kanmu mu yanke masa ƙugiya ba don kawai na'ura ta gaza.

Abin da yaron ya yi shi ya sa nake wannan rubutu. Ya ce, "Anti, ki ba ni kwana biyu." Ya yi karatun allo, hannunsa ya san alƙalamin kara. Ya fere bakin alƙalamin siriri, ya rubuta sunan da tawada a farar takarda sau da yawa, ya ɗauki hoton wanda ya fi, ya bi layinsa a manhajar zane ta CorelDraw. O biyun da ke cikin zoɓo ba su zama tagwaye ba, ɗaya ta ɗan fi buɗewa. Ƙugiyar ɓ ta lanƙwaso a hankali, inda alƙalami ya juya layin ya ɗan yi kauri sannan ya sake sirancewa. Duk wanda ya taɓa ganin tsofaffin takardun ajami irin waɗanda ake adanawa a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu zai gane wannan juyin hannun, ko da yake nan boko ne. Da na kai wa Inna ta gani, ta daɗe tana juya gorar, sannan ta ce, "Wanga rubutu shina da kunya."

Sai dai siririn rubutu yana da sharuɗɗansa, kuma na koye su da kuɗina. Bugun farko mun sa farin rubutu a kan ja mai duhu, tawada ta ɗan malala ta cinye layin, sunan ya koma kamar zare. Muka juya: farar sitika, rubutu launin zoɓo. Gora in ta fito daga ƙanƙara cikin zafin Afrilu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, nan take take yin gumi, don haka sitikar takarda ba ta yi, sai mai leda. Lambar waya da ranar haɗawa kuwa da rubutu na yau da kullum mai kauri muka bar su, saboda 1 da 7 na hannu suna rikita mutane. A kan bana, wato babban ƙyallen talla, ma siririn rubutun bai yi ba. Na rataya ɗaya a ƙofar gida, mai kabu-kabu ya wuce sau biyu bai karanta ba. Shi kansa yaron ya gargaɗe ni tun farko cewa rubutun ba shi son nisa, ni ce na nace.

Kwana biyun da ya ce sun zama biyar saboda ɗauke wuta, kuɗin kuma ya kusa ninka na sitikar da na saba. Na biya ban yi ciniki ba. Ya ba ni zanen a waya, ya mayar da haruffan zane tsantsa yadda ko wace kwamfuta aka kai ba za su sauya ba. Kafin azumi zan koma ya zana mini na kunun aya, kuma na roƙe shi ya haɗa har da ƙ da ɗ, don ƙanwata na son katin ɗaurin aurenta ya fito da hannun nan.