Na biya kuɗi an rubuta min tallar yajina, ga yadda muka yi da mai rubutun

Salamu alaikum ƴan uwa. Tunda na canza rubutun da ke shagona na intanet ake ta tambayata wa ya yi min, wasu kuma cewa suke Hajiya ke da kike jin Hausa kina jin Larabci me zai kai ki biyan wata kuɗi don kawai ta rubuta miki magana. To bari na faɗi yadda abin yake, mai kyau da mara kyau.

Ni a Makka aka haife ni, wajen Shari'ul Mansur, kakana daga Kano ya taso ya bi ta Sudan ya tsallako teku daga Sawakin. Sana'ata yaji ne da tsire, wanda Larabawan Hijaz ke ce ma siriya, a gida nake yi ana kai wa mutane. Da na buɗe shago a Salla, wato wani dandalin buɗe shagon intanet a nan Saudiyya, na haɗa da WhatsApp Business ni na rubuta komai da hannuna, "yaji mai daɗi orijinal farashi mai sauƙi", na juya shi da Larabci shikenan. Wallahi kayana suna da kyau, wanda ya ɗanɗana sai ya dawo, amma baƙo ya shigo ya duba ya fita ko tambaya babu, duk masu saye ƴan uwa ne da maƙwabta da suka riga suka san hannuna.

Wata ƙawata ce ta haɗa ni da wata baiwar Allah a Jidda, Bahaushiya ce ita ma haifaffiyar nan, rubutun talla shi ne aikinta. Ta ce riyal 600 za ta yi min bayanin kaya guda 8, da rubutun gabatar da shago, da saƙon da ke amsa wa mutum idan ya yi magana a WhatsApp, Hausa da Larabci duka. Gaskiya sai da na yi kwana biyu ina juya maganar, don 600 naman oda guda ne mai kyau.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba ta rubuta ko harafi ɗaya ba sai da ta riƙe ni a waya kusan awa guda tana tambaya. Yaya a ina kike sayen gyaɗar, Yaya ke kike soya ƙuli-ƙulin ko saye kike, wace rana kike daka, kwalba ɗaya tana kai wata nawa, su waye suka fi dawowa su sake saye, me suke cewa in sun dawo. Har ta ce na tura mata saƙonnin murya na kwastomomi in sun yarda. Ni duk abubuwan nan ban taɓa ɗaukarsu abin faɗa ba, a wajena aikin gida ne kawai, ashe su ne tallar. Ga abin da ta sa a Hausar: "Ranar Talata muke daka, Laraba ya iso hannunki. Ƙuli-ƙulin a gida muke soya shi, citta da kanumfari da masoro mu muke tsincewa." Da na karanta sai na ji kamar Innata ce ke magana, Allah ya jiƙanta, don haka take gaya wa mutane.

Inda na tabbatar kuɗina bai tafi a banza ba shi ne Larabcin, don ba ta ɗauki Hausar ta juya ba, wani rubutu daban ta yi. Ta ce min Yaya Bahaushe ya san yaji tun yana goye, abin da yake so ya ji shi ne wa ya daka kuma sabo ne ko ya kwana biyu, amma Balarabiyar da ke Riyad wata ƙila sau ɗaya ta taɓa cin siriya a Jidda, ita tambayarta me zan yi da kwalbar nan in na saya. Sai ta rubuta mata yadda ake shafa wa nama da mai kafin a gasa, cokali nawa a kilo ɗaya, ana barbaɗawa a kan kaza da soyayyen dankali, kuma ta raba zafin gida uku don wanda ba ya son barkono sosai ya san wanne zai ɗauka. Ta kuma yi wani gajere na alhazai da masu Umara, waɗanda abincin masauki ya ishe su suna kewar gida, shi kam layi biyu ne kawai da Hausa.

Akwai wajen da muka ɗan ja. Ni na so a sa cewa yajin yana maganin sanyi, haka kowa ke faɗa a unguwa, ta ce a'a ba za ta rubuta ba. Ta yi min bayani cewa dokar cinikin intanet da Saudiyya ta fitar a 2019 tana ɗaukar abin da ka rubuta a talla a matsayin wani ɓangare na yarjejeniya tsakaninka da mai saye, in ka faɗi abin da ba za ka iya tabbatarwa ba kai za a riƙe. Sannan ta dage sai an rubuta ɓaro-ɓaro cewa akwai gyaɗa a ciki, saboda akwai mutanen da gyaɗa ke tayar musu da ciwo mai tsanani har ya kai ga asibiti. A ranar na ji haushi, amma da na yi tunanin yaron wata ya ci tsirena ya kumbura sai jikina ya yi sanyi, na kira ta na ce ki sa shi a layin farko.

Abin da ban ji daɗinsa ba, ta ce kwana 5 sai da muka yi kwana 9, kuma ni na riƙa bin ta da tambaya. Gyara ma sau biyu kawai take yi kyauta, na uku da kuɗi, kuma ba ta faɗa min hakan ba sai da muka yi nisa. Duk wadda za ta ba da irin aikin nan dan Allah ta tambayi wannan tun farko, a rubuta a ajiye.

Masu cewa gara na ba mai Snapchat ya tallata ni, ku tuna lasisin Mawthooq, wato izinin da hukuma ke ba masu talla a kafofin sada zumunta, riyal 15,000 ne na shekara 3, dole kuɗinsu ya yi tsada, kuma awa 24 tallar ta ɓace. In ma ya turo miki mutane, me za su tarar su karanta in sun iso shagon? Ni yanzu tambayar "nawa ne" da "yaya ake amfani da shi" ta ragu sosai don amsar tana nan a rubuce, kuma na fara ganin oda daga Larabawan da ban san su ba ban san wanda ya san su ba.

Kafin azumi zan koma wajenta ta rubuta min na dambun nama da kilishi, amma wannan karon sai mun tsayar da ranar da za ta miƙa aiki kafin na tura mata rabin kuɗin.