Zagaye biyu a ɗakin kemo: abin da na samu da abin da na rasa

Yau kusan mako shida ke nan da aka fara saka mini kemo, wato maganin sankara da ake sakawa ta jijiya. An yi zagaye biyu, na uku yana tafe ranar Talata in Allah ya kai mu. Na zauna rubuta wannan sharhi tun abin yana ɗanye a raina, domin a daren da zan fara kwana na yi ina laluben waya ko zan ci karo da wata Bahaushiya da ta faɗi yadda abin yake filla-filla. Ban samu komai ba sai masu tallan maganin gargajiya da masu cewa a yi haƙuri. Haƙuri kam ana yi, amma ni a daren nan abin da nake so in sani shi ne me zai faru da jikina gobe, da jibi, da gata.

Sankarar mama ce, ta ɓangaren hagu. An riga an yi mini aiki, sannan likitan daji ya tsara mini zagaye takwas, kowane bayan kwana 21. Huɗun farko na magunguna biyu ne a haɗe, doxorubicin da cyclophosphamide, waɗanda ma'aikatan ɗakin ke taƙaitawa su ce AC. Huɗun baya wani magani ne daban. Inda nake karɓa asibitin koyarwa ne na gwamnati, tafiyar awa biyu daga garinmu, kuma ba zan kama sunansa ba.

Kafin a fara sai da aka yi mini hoton zuciya, saboda doxorubicin na iya raunana ta, shi ya sa ma yake da iyakar da ba a wucewa a tsawon rayuwar mutum. An gwada jini, an duba ƙoda da hanta, an auna tsawona da nauyina don a lissafa yawan maganin da ya dace da ni. Waɗannan gwaje-gwaje sun ci mini zuwa uku, alhali da an tsara su da kyau rana ɗaya ta isa. Ga mai zuwa daga nesa da ɗinki a ƙirji, kowane zuwa wahala ce da kuɗin mota.

Abin da ya fi komai daraja a ɗakin nan ba na'ura ba ce, wata babbar nas ce da kowa ke kira Sista. Ranar da na kai sakamakon gwaji ta ce in zauna, ta jawo kujera kusa da ni, ta tambaye ni wa zai riƙa rako ni. Na nuna mata ƙanwata. Ta ce ita ma ta matso ta ji. Sai ta juya bayan wata takarda ta ja layi, ta rubuta 1 a farkonsa, 21 a ƙarshensa. Ta ce, "Malama, kwana uku zuwa huɗun farko na tashin zuciya ne da kasala. Daga kwana 7 zuwa 14 fararen ƙwayoyin jininki, masu yi miki yaƙi da cuta, za su yi ƙasa sosai, nan ne wurin taka-tsantsan. Gashi zai fara zuba daga mako na biyu zuwa na uku. Makon ƙarshe za ki ji kin dawo mutum, sai kuma mu sake." Ta gaya mini fitsarina zai yi ja na kwana ɗaya ko biyu, launin maganin ne ke fita, ba jini ba ne. Ta ce in sha ruwa da yawa don kada cyclophosphamide ya daɗe a mafitsara. Ta ce al'ada na iya rikicewa ko ta ɗauke. Sannan ta rubuta 38 da manyan lambobi ta zagaye ta da biro. Ta ce in sayi ma'aunin zafin jiki tun kafin in bar garin, kuma duk lokacin da ya nuna 38 ko sama, ko da tsakar dare ne, kada in sha farasitamol in kwanta, in kira lambar da ta rubuta a ƙasan takardar.

Zaman bai wuce rabin awa ba. Amma gaskiyar masu iya magana ce, rashin sani ya fi dare duhu. Takardar nan na manna ta a jikin ƙofar ɗakina, kuma kusan duk abin da ya same ni ya zo a ranar da ta faɗa. Ciwon bai ragu don na san da zuwansa ba, sai dai firgicin ne ya ragu. Da na ga jan fitsari a daren farko ba tare da an gaya mini ba, na san da gidan gaba ɗaya ya tashi.

Ranar sakawa mun isa da ƙarfe bakwai na safe, ba a ɗaura mini ruwa ba sai wajen azahar. Layin kati, layin biyan kuɗi, jiran likita ya duba sakamakon jini ya sa hannu, jiran a haɗa maganin. Wata dattijuwa da ke zagaye na biyar ta ga ina ta duba agogo, ta ce, "'Yata, kin karya kuwa?" Na ce mata a'a, Inna, ina tsoron amai. Ta ce, "Ai da yunwa ya fi tayar da zuciya. Gobe ki ci ɗan abu mara maiƙo kafin ki fito." Ta miƙo mini biskit daga jakarta. Na gwada shawararta a zagaye na biyu, kuma ta yi mini amfani.

An fara da maganin hana amai, ondansetron da dexamethasone. An saka kanula a hannun dama, domin ba a son taɓa hannun da ke ɓangaren da aka cire kaluluwar hammata. Shi jan maganin, wato doxorubicin, ba a rataye shi aka bar ni ba. Sista ce ta zauna da babban sirinji tana tura shi sannu a hankali, tana ɗan ja baya lokaci-lokaci ta ga jini ya dawo, don ta tabbatar allurar na cikin jijiya. Ta ce idan na ji zafi ko raɗaɗi a wurin in faɗa nan take, kada in yi kara, domin idan ya zuba a cikin tsoka yana cinye nama. Wannan kulawa ta kwantar mini da hankali ƙwarai. Na biyun ta ƙarin ruwa aka ba ni, kusan awa ɗaya, na ji hancina yana yaji, bakina ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe.

Ɗakin yana da tsabta, amma ba shi da sirri. Maza da mata wuri ɗaya, kujeru a jere, ba labule. Mace mai ɗinki a ƙirji, ga hannu ɗaya a ɗaure da ruwa, tana fama da gyaran hijabi, ga amai na iya zuwa kowane lokaci a gaban mazan da ba ta sani ba. Labule huɗu ko biyar za su magance wannan, kuma ba su da tsadar da za ta gagari asibiti. Haka nan 'yar takardar bayani da suke rabawa da Turanci take zalla, alhali yawancin waɗanda na gani a ɗakin Hausa suke ji. Wadda ba ta dace da ranar da Sista ke da sukuni ba, haka za ta koma gida da duhunta.

Akwai kuma abin da ba wanda ya gaya mini. Ondansetron ya yi aikinsa, sau biyu kacal na yi amai a zagayen farko, amma yana ɗaure ciki. Kwana huɗu ban zaga ba, ga ciwon kai, ga kumburin ciki, ni kuma kunya ta hana ni tambaya. Sai da na koma na faɗa wa likita, ya ce ai sananne ne, ya rubuta mini maganin sassauta ciki. Jimla ɗaya da an ƙara a bayanin farko da ta raba ni da wannan wahala. Dexamethasone shi ma ya hana ni barci daren farko da na biyu, sai da aka ce in riƙa shan sa da safe da rana, kada in kai shi dare.

Ranar kwana 11 ce ta nuna mini amfanin lambar nan. Da daddare na ji sanyi yana ratsa ni, na auna, 38.3. Maigida ya ce, "Zazzaɓin cizon sauro ne, bari in aika kemis." A gidanmu kowane zazzaɓi haka ake yi masa, ban ga laifinsa ba. Na nuna masa takardar da ke jikin ƙofa. Ya kira, ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, Sista ta ɗauka a bugu na biyu. Ta ce mu tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa yanzu-yanzu, kuma kalmar farko da za mu faɗa a bakin ƙofa ita ce ina kan kemo, yau kwana 11. Gwaji ya nuna fararen ƙwayoyin jinina sun yi ƙasa sosai. An fara mini allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya a daren, na kwana uku a gado. Likitan da ya sallame ni ya ce a irin wannan yanayi awoyi kaɗan na jinkiri kan juya lamarin gaba ɗaya. Saboda haka a zagaye na biyu aka ƙara mini allurar filgrastim mai taimaka wa ɓargo ya ƙera fararen ƙwayoyin. Tana sa ciwon ƙashi, ni a ƙugu da cinyoyi na ji shi, kuma dole a ajiye ta a sanyi. Da yake wutarmu ba ta da tabbas, a firjin maƙwabciyata mai sola take kwana, Allah ya saka mata da alheri.

Gashi ya fara a kwana na 16. Fatar kaina ta yi kwana biyu tana zafi kamar an yi mini kitso mai tsauri, da na zo tsefewa sai ya riƙa biyo hannuna. Na san zai faru, an gaya mini zai dawo bayan an gama, amma na yi kuka sosai. 'Yata ƙarama ta shigo ta tsaya, ta ce, "Umma, zafi yake miki?" Na ce mata a'a, maganin ne yake aikinsa. Washegari na sa ƙanwata ta aske sauran, domin ganinsa a kan filo kowace safiya ya fi askin ciwo. Yanzu hular auduga mai laushi nake sawa a ƙarƙashin ɗankwali.

Wajen abinci, ƙamshin suyar mai da na daddawa su ne manyan abokan gabata a makon farko, sai aka mayar da girki can bayan gida. Kunun tsamiya da koko da dafaffen dankali su suka riƙe ni, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Shayin citta yana ɗan lafar da zuciya. Cokalin ƙarfe yana ƙara mini ɗanɗanon nan mara daɗi, sai na koma ludayin duma. Ina kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri bayan kowane cin abinci saboda gyambon baki. A ranakun da jini ke ƙasa na bar nonon talla da ɗanyen ganye da duk abin da ba a dafa a gida ba.

'Yan dubiya kuwa, nan ne na fi shan wuya a raina. Zumunci ne ya kawo su, wasu daga ƙauye, ba ka iya cewa su koma. Maigida ne ya ɗauki nauyin tsayawa a zaure daga kwana 7 zuwa 14, yana karɓar gaisuwa yana bayani, mai mura ko tari ya yi sannu daga bakin ƙofa. Kusan kowa da ƙullin magani yake zuwa, wannan saiwa, wancan garin ganye. Ina karɓa in yi godiya, addu'a kuma ina so ƙwarai, amma ba na shan komai sai na nuna wa likita, domin hantar da ke fama da kemo ita ce za ta sarrafa duk abin da na haɗiye.

Maganar kuɗi ba a cewa komai. Zagaye ɗaya, da gwaji da allurai da mota, ya fi albashina na wata. A zagaye na biyu kantin maganin asibitin ya ce jan maganin ya ƙare, aka ba maigida takarda ya shiga gari nema da rana tsaka, ga tsoron jabu. Da ya kawo sai da Sista ta duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin ta yarda a haɗa. Wannan ne babban aibin da na gani a wurin: bai kamata a bar mai jinya yana yawon neman maganin daji a kasuwa ba. Duk wanda zai fara ya nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya tun ranar farko ya yi tambaya a kan tallafi. Tun 2019 akwai shirin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya na rage farashin wasu magungunan kemo a wasu asibitocin koyarwa, kuma a 2021 an fara asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza (prostate), wanda aka soma da asibitoci shida a Zariya, Gombe, Abuja, Ibadan, Benin da Inugu.

Idan 'yar'uwata ta tambaye ni ko ta je wannan ɗaki, zan ce ta je, saboda hannun da ke saka maganin ƙwararre ne kuma wayar da suka bayar ana ɗauka. Zan ce mata ta tafi da wanda zai saurari bayani tare da ita, ta nemi a zana mata kwanakin nan 21, ta yi tambaya a kan cushewar ciki ko da ba a taɓo zancen ba, kuma ta kira kwana biyu kafin ranarta ta ji ko maganin yana nan.

Ni na kira jiya, sun ce akwai. Litinin zan je gwajin jini, idan fararen ƙwayoyin ba su farfaɗo ba za a ɗaga mini da mako guda. Jakata na nan a haɗe: kati, gorar ruwa, ma'aunin zafi, mayafi mai kauri saboda sanyin ƙarin ruwa, da biskit leda biyu, ɗaya tawa, ɗaya ta Inna idan ranarmu ta sake haɗuwa.